Yatsu Biyu

Santa Rufina, 12 ga Yuli, 1998

Yaya Varo,

Ka sa mini albarka. Ina gaishe ka da kyau, da fatan gwiwoyin nan naka suna barin ka ka hau bene. Yaya New York? Mu nan sai godiya. Hawan jinina ya sauka tun da na rage gishiri, sai dai abinci ya zama ba ya ci mini. Masana'antar sukari ta sake tsayawa, rake na bushewa a gona, magidanta sun koma ƙofar kanti suna buga domino daga safe har la'asar.

Ba ka tambaye ni Nicanor ba, ba ka taɓa tambaya ba, amma mijina ne, dole in faɗa. Shanyewar ɓarin jikin da ta same shi a watan Maris ba ta sake shi ba. Ɓarin dama ne, Yaya. Hannun da ya shekara goma sha huɗu yana jifa a wasan ƙwallon gora, baseball, a Amurka, hannun da ya sa duniya ta kira shi Tsawa, yau ni nake ɗaga shi in zura a hannun riga. Magana ma ta tafi, saura kalma biyu ko uku.

Ga dalilin takardar. Hukumar gari za ta sa wa filin wasa sunansa ranar buɗe kakar wasa, a watan Oktoba, kuma shi zai yi jifan farko. Za a tura kekensa kusa, ya jefa da hagu. Shugaban hukuma ya zo har gida da hularsa a hannu, ya ce sun zaɓi wanda zai cafe. Nicanor ya doki hannun keken har kofin kofi ya kife, ya ce, "Varo." Mutumin ya ce, "Ranka ya daɗe, ai Evaristo yana Amurka." Ya sake cewa, "Varo." Sau huɗu.

Ni na gane abin da yake nufi. Ya yafe, Yaya. Shekara talatin da shida ke nan da Lahadin da ƙwallon ta kuɓuce maka kofin gasa ya tafi hannun wasu, gari ya sa maka suna Rariya, ka tattara ka bar mu. Ku da kuka tashi tare kuna dukan murfin kwalba da sandar tsintsiya, shi yana jifa kana cafewa! Haba, ya isa haka. Ya manta da kuskurenka, kai ma ka manta. Ɗakin Mama yana nan, zan sa a share. Ka zo.

Ƙanwarka,
Minia

New York, 3 ga Agusta, 1998

Herminia,

Takardarki ta zo. Gwiwoyi suna nan. Benen hawa biyar ne kamar kullum, kuma ni nake share shi kamar kullum. Ki ci gaba da rage gishirin.

Ashe an yafe mini. Madalla. Ki yi masa godiya, ki ce na ji karamci. Na karanta layin nan sau uku a tsaye a bakin akwatin wasiƙu, har wata tsohuwa a hawa na biyu ta tambaye ni ko mutuwa aka yi.

Ba zan zo ba. Kada ki kira waya, kin san injinan masaƙa sun cinye mini kunne, kuma wannan ba maganar da za a yi da ihu ba ce. Su nemi wani ya cafe, garin nan cike yake da masu hannu mai kyau, tun da kowa ya san yadda ya kamata in yi ranar.

Abu ɗaya nake so. Ki zauna a gabansa, ki karanta masa wannan yadda na rubuta, kada ki gyara: Evaristo ya ce har yau yana tuna ko yatsu nawa ne.

Evaristo

Santa Rufina, 21 ga Agusta, 1998

Yaya Varo,

Ka sa mini albarka, tun da wancan karon ka hana ni. Tun muna yara ban taɓa roƙa ka yi shiru ba sai yanzu, kuma ka kira ni Herminia kamar ma'aikacin gidan waya. Na gani. Lafiyata ƙalau, in kana son ji.

Na so in yaga takardar, amma na yi yadda ka ce. Bayan na ba shi ayabar safe na jawo kujera na karanta masa. Yaya, ban taɓa ganin Nicanor haka ba. Ranar da aka yi masa tiyata a gwiwar hannu a Amurka aka ce jifa ya ƙare, bai yi kuka ba, sigari ya nema. Amma ran nan bakinsa ya karkace, hawaye na bin gefen da ba ya motsi. Ya ɗaga hannun hagu, ya nuna hoton ƙungiyarku da ke bango, daidai inda kake tsugune, ya fitar da yatsu biyu. Sai ya naɗe ɗaya, ya bar ɗaya, ya dinga dukan ƙirjinsa da shi. Na ce, "Nica, bari, za ka ji ciwo." Bai bari ba sai da na riƙe hannun.

Kwana uku ke nan ba ya cin abin kirki. Na yi masa farfesu irin na ranar biki, nama kala uku da rogo, ya kau da kai.

Ba jiya aka haife ni ba. Matar mai jifa ce ni, ƙanwar mai cafewa, na san alamar da mai cafewa ke yi wa mai jifa, yatsa ɗaya a jefo ƙwallo mai wuta, biyu mai lanƙwasa. Akwai abin da zuciyata ke gaya mini, kuma ina jin tsoronsa. Shi ba shi da bakin faɗa. Kai kana da shi. Don girman Allah, don darajar kabarin Mama, ka gaya mini abin da ya faru.

Minia

New York, 9 ga Satumba, 1998

Minia,

Allah ya yi miki albarka. Ki yi haƙuri da waccan, zuciya ce. Ina lafiya. Tun da kin haɗa ni da kabarin Mama, to ki samu wuri ki zauna.

Kin tuna an kwashe garinmu kaf a motocin rake aka kai babban birni don wasan ƙarshe. Zagaye na tara, na ƙarshe, ci ɗaya da ɗaya. Mun fitar da mutum biyu nasu, saura ɗaya su sauka, amma wani nasu yana tsaye a zango na uku yana rawar ƙafa, taku kaɗan ya shigo gida su cinye. Mai gora, mai dukan ƙwallon, ya riga ya kuskure sau biyu, na uku ya fita. Na kalli ƙafafunsa na ga ya kafe, mai wuta yake jira. Na tsuguna, na rufe da safar hannu yadda babu mai gani sai Nicanor, na sauke yatsu biyu. Mai lanƙwasa, a hankali, ƙasa.

Ke kin san ƙa'idar. In mai jifa bai yarda ba, ya girgiza kai, in canza masa. Ba laifi ba ne, a wasa ɗaya yakan yi mini haka sau goma. Amma in ya gyaɗa kai, to magana ta ƙare, rayuwata na miƙa masa, domin ƙwallon Nicanor ba a cafe ta da ido, sai ka riga ka san inda za ta zo. Ya gyaɗa kai, Minia. Duk filin ya ga ya gyaɗa.

Na saukar da safar ƙasa ina jiran ta faɗo. Ya sako mai wuta, sama, daidai fuska. Mai gora ya kai duka ya kuskure, wato mijinki ya gama nasa aikin a idon kowa. Ni kuwa na kai hannun da ba safa, ta karya mini yatsa ta wuce har bangon baya. Kafin in ɗauko, wancan ya shigo gida.

Me ya sa ya yi? Akwai Turawa biyu a bayan raga da hulunan kaba da littattafai, sun zo daga Amurka su ga wutar da ake ba su labari. Ya so ya rufe wasan da ita, kuma bai so su ga yana gardama da mai cafe masa. Shekararsa ashirin da uku. Na fahimci wannan tun a ranar.

Abin da ban fahimta ba shi ne na ɗakin canza kaya. Ina zaune ana ɗaure mini yatsa da karan rake, 'yan jarida suka kewaye shi. Ya ce, "Na jefa abin da aka ce in jefa." Ya faɗa yana kallon ƙasa. Da na buɗe baki, da Turawan nan sun rufe littafinsu, don ba mai ɗaukar mai jifan da ke yaudarar nasa. Ke kuma kina da cikin wata biyar, kuna ɗaki ɗaya a bayan masana'anta, rufi yana yoyo. Na yi shiru. Na ce in ya sa hannu a takarda zai faɗa. Ya sa hannu. Na ce in ya kafu a can zai faɗa. Ya kafu.

Shekara guda na yi a garin nan ina jin "Rariya" daga bakin yara da manya. In na sayi ƙwai, mai kanti ya ce a ba ni a kwando kada ya zube. Mama ta daina zuwa kasuwar Asabar. Duk wannan na iya. Ranar da na zo yi miki sallama, kina goye da jaririya a bakin ƙofa, kika ce, "Ƙwallo ɗaya tak, Yaya. Ɗaya tak aka ce ka riƙe." Wannan ce na kasa sauke wa har yau, kuma ba laifinki ba ne, abin da kika sani ke nan.

Yanzu ga sharaɗina. Zan zo in tsuguna masa, ko gwiwoyin za su fashe. Amma kafin jifan, a faɗi gaskiya a lasifika, a gaban garin da ya sa mini suna. Shi ba baki, to ke ki karanta, yana zaune yana ji. In kin ga ba za ki iya zubar masa da girma a ranar girmansa ba, ki faɗa mini kai tsaye, ba zan riƙe ki ba.

Yayanki,
Varo

New York, 8 ga Nuwamba, 1998

Minia,

Allah ya yi miki albarka. Na ga ɓarnar guguwar a talabijin, na yi sati biyu ina bin shagunan mutanenmu ina tambaya. Wani direba ɗan unguwarku ya ce gidanku yana tsaye, ya ma gan ki kina layin ruwa. Na gode Allah.

To kina raye, kina da hannu, wata biyu ba amsa. Oktoba ta wuce, na san an yi bikin. Na gane. Mijinki ne, shekara talatin da bakwai, ni kuwa tsohon mai shara ne da karkataccen yatsa. Ban ce kin yi laifi ba. Da ma ban faɗa miki ba, da kin ƙarasa kwanakinki da shi cikin kwanciyar rai. Ki ƙona waccan takardar.

Varo

Santa Rufina, 27 ga Nuwamba, 1998

Yaya Varo,

Ka sa mini albarka, sannan ka bari in yi maka faɗa. Kai dai ba ka canza ba, ka yanke hukunci ka zauna a kai kai kaɗai! Wane biki? Guguwa ta kwashe rufin filin wasan ta kai shi gonar rake. Ta kwashe na gidan waya, buhunan wasiƙu suka jiƙe aka kai su wani gari. Mangwaron Mama ya faɗi kan kicin. Mun yi sati bakwai ba wuta. Takardunka biyu ranar Litinin ɗin nan suka zo tare, ta farko duk ta yi tabon ruwa. Ta biyun na fara buɗewa, na rasa gane me zan ƙona.

Da na karanta ta farkon, na shiga banɗaki na kulle na yi kukan da ban yi ba ranar mutuwar Mama. Wayyo ni, Yaya. Ban ma tuna na faɗi maganar nan ba, ka ji muninta. Na faɗa na wuce na je na dafa shinkafa, kai ka ɗauke ta ka tafi da ita shekara talatin da biyar. Ka yafe mini. Ni da na rubuto maka wai an yafe maka!

Kwana biyu ban yi wa Nicanor magana ba. Na yi masa wanka, na aske shi, na ba shi abinci a baki, ban ce uffan ba, yana bi na da ido. Na dinga kallon gidan nan, tayal ɗin, firjin, kofunan azurfa da ke cikin gilashi, ina tunanin a kan yatsan wa aka gina su. A rana ta uku na tsaya a gabansa na ce, "Yatsu biyu ya nuna maka?" Ya gyaɗa kai. Na ce, "Ka sako mai wuta?" Ya gyaɗa. Na ce, "Shekara talatin da shida kana kwana kusa da ƙanwarsa, Nicanor Ubiera, kana cin tuwon hannunta?" Sai ya rufe ido. Na so in tsane shi, na rantse na gwada. Na kasa, kuma wannan ma yana ba ni haushi.

Na karanta masa sharaɗinka. Ban ƙarasa ba ya fara nuna alƙalami. Na rubuta layi biyar, na karanta masa sau biyu, ya dangwala babban yatsan hagu a ƙasa. Daga nan ya ci abinci, kwano guda cur.

An mai da bikin Lahadi, goma ga Janairu, da ƙarfe uku. Likita ya ce zuciyarsa ta yi rauni, bai ba ni wata ba, bai ba ni shekara ba, kafaɗa kawai ya ɗaga. Kada ka tsaya rubuto amsa, gidan wayan nan ba abin yarda ba ne. Ka sayi tikiti.

Ƙanwarka mai kunya,
Minia

Santa Rufina, 9 ga Fabrairu, 1999

Yaya Varo,

Ka sa mini albarka. Da fatan ka isa lafiya, gwiwar ta sace. Na san saƙo ya same ka, amma ina so ka ji daga hannuna. Nicanor ya rasu ranar Asabar, talatin ga Janairu, da hantsi, a kujerarsa a baranda, rediyo na yi. Jiya muka gama addu'ar kwana tara. Mutane sun zo daga ko'ina, har tsofaffin abokan wasansa daga Amurka, aka rufe titi. Duk wanda ya tashi magana sai ya lissafa wasannin da ya ci. Ni ina zaune ina tunanin wanda bai ci ba.

Ban cika maka alkawari yadda ya kamata ba, kuma yana damuna. Na karanta takardar, ka gani, amma lasifikar nan tana ƙara tana yankewa. Rabin mutane ba su ji ba, wasu suka yi tafi suna zaton kirari nake yi. 'Yan tsofaffin da ke gaba ne kawai suka yi tsit, na ga ɗaya ya cire hula. Sannan wani mashayi ya ƙwala daga sama, "Riƙe da kyau, Rariya!" aka yi dariya. Jarida ta buga hotonku babba, ba ta ce komai a kan takardar ba. A kanti har yanzu wasu na cewa tausayi ne ya sa na ƙirƙira.

Ga abin da ya hana ni sukuni. Da ka tsuguna a gabansa, na ga ka sa hannu tsakanin gwiwoyinka, sai na ga ya girgiza kai. Ya girgiza sosai, kowa ya gani. Na ce ko ya janye ne, ko ƙaryata takardar yake a gaban jama'a, ko kai ka nuna masa wani abu na cin fuska. Bayan jifan ka daɗe kana dafe da kekensa. A gida kuma kun zauna a baranda kwana biyu kamar ba komai, na kasa tambaya don kada in ɓata. Yanzu ɗayanku ya tafi da nasa. Me ya faru, Yaya? Kun rabu lafiya ko kuwa?

Minia

New York, 1 ga Maris, 1999

Ƙanwata Minia,

Allah ya yi miki albarka, ya ba ki haƙuri, ya jiƙan Nicanor. Gwiwar ta sace, amma sai da na yi sati ina hawa benen da zama. Na sa an yi masa addu'a a cocinmu na nan.

Kada lasifika ta dame ki. Na ji mashayin nan, duk da kunnena. Na ɗauka zai yi mini zafi, sai na ga bai wuce kukan kare a wata unguwa ba. Shekara da shekaru ina zaton kunnen gari nake nema. Da na ga kin tsaya da takardar a hannunki, shi kuma ya ɗaga kai yana kallon mutane bai sunkuya ba, na san waɗanda nake so su ji sun ji.

Akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Duk shekarun da ya yi yana jifa a ƙasar nan, ban taɓa zuwa kallonsa ba, amma ban taɓa rasa wasansa a rediyo ba. Ina ɗakin tukunyar dumama gida, ni kaɗai, ina sauke yatsu a kan cinyata kafin kowane jifa. In ya jefa abin da na nuna in ce madalla, in ya saɓa aka doke shi in zage shi har kakansa. Ban taɓa cafe wa irinsa ba, kuma ba a sake yin irinsa ba. Wannan gaskiya ce, waccan ma gaskiya ce.

Kin tambayi abin da na nuna masa. Yatsu biyu na sauke, Minia. Ban shirya ba, hannun ne ya yi da kansa. Na san mutumin da ke jifa da hagu daga kan keke ba shi da wata mai lanƙwasa. Shi ma ya sani. Da ya ga dama sai ya gyaɗa kai ya wurgo ko me ya samu, babu mai ganewa a duk filin.

Ya kalli yatsun, ya kalle ni, ya girgiza kai.

Abin da nake jira ke nan tun ina ɗan shekara ashirin da bakwai. Ba don takunkumin ƙarfen da ke fuskata ya ɓoye hawayena ba, da garin nan ya samu sabon sunan da zai sa mini. Na naɗe ɗaya na bar ɗaya, karkataccen nan. Ya gyaɗa kai. Ya ɗaga hannun da ƙyar ya sako ta. Ta taɓa ƙasa sau biyu kafin ta iso, ba wuta ba komai, na sa hannu biyu na rufe ta. Amma ita ce wadda ya ce zai jefo.

Mun rabu lafiya. Ki bar ɗakin Mama a share, zan zo da Ista in sare miki mangwaron nan daga kan kicin.

Yayanki,
Varo